Ƙoda da Yadda Fitsari Ke Samuwa a Jikin Ɗan Adam

Gabatarwa

A wurin yawancin Hausawa, ƙoda wani yanki ne na kayan ciki da akan gani a teburin mahauci ko a tukubar mai tsire. Fitsari kuwa, ko bawali kamar yadda akan sakaya sunansa, ana ɗauka ruwan da mutum ya sha ne yake gangarawa daga ciki zuwa mara. Wannan fahimta tana da rauni, domin babu wata hanya da ta haɗa tumbi da mafitsara. Duk ruwan da aka sha sai hanji ya tsotse shi ya shiga jini, daga jinin ne kuma ƙoda take fitar da fitsari. Maƙasudin wannan lacca shi ne bayyana yadda hakan ke faruwa, da kuma amfanin saninsa ga mutanen karkara irin na Sanyinna da sauran garuruwan ƙasar Tambuwal da Kebbe, inda zafin rana da aikin fadama suke ɗora wa ƙoda nauyi mai yawa.

Siffar Ƙoda

Ɗan Adam yana da ƙoda biyu, suna kwance can ta baya, dama da hagu da ƙashin gadon baya, a ƙarƙashin haƙarƙarin ƙarshe. Ta dama ta ɗan fi ta hagu yin ƙasa saboda hanta ta tokare ta. Siffar kowace kamar ƙwayar wake ce, tsawonta kimanin santimita 11, nauyinta kuwa wajen giram 150. Duk da wannan ƙanƙanta, kusan kashi ɗaya cikin biyar na jinin da zuciya ke turowa ta cikinsu yake bi, watau fiye da lita guda a kowane minti. Daga kowace ƙoda akwai wani siririn bututu mai tsawon santimita 25 zuwa 30 da ke kai fitsari mafitsara, inda yake taruwa har a ji matsuwa.

A cikin kowace ƙoda akwai 'yan ƙananan matatai kimanin miliyan guda, waɗanda ido ba ya ganinsu sai da madubin likita. Masana suna kiran kowace ɗaya nefuron. Kanta wani ƙulli ne na siraran jijiyoyin jini a cikin ɗan ƙoƙo, jikinta kuwa dogon bututu ne mai lanƙwashe-lanƙwashe. Malfigi na ƙasar Italiya ne ya fara ganin waɗannan ƙulle-ƙulle a 1666, sannan a 1842 Wiliyam Boman na Ingila ya nuna yadda ƙoƙon yake haɗe da bututun.

Matakai Uku na Samuwar Fitsari

Mataki na farko shi ne tacewa. Ƙarfin bugun zuciya yana matsa jini a cikin ƙullin jijiyoyin nan, sai ruwan jini ya tsattsafo cikin ƙoƙon, tamkar yadda mai koko ke tace gasara da ƙyalle. Ƙwayoyin jini da furotin sun fi ƙarfin kafofin matatar, saboda haka sukan tsaya. Ruwa da gishiri da sukari da dattin jiki kuwa duk sukan wuce. Abin da ƙoda biyu ke tacewa ta haka ya kai kimanin lita 180 a yini da kwana, watau cikin jarka tara masu cin lita 20.

Mataki na biyu shi ne maidowa, kuma a nan ne babban aikin yake. Da a ce duk wannan ruwa zai fita, da mutum bai kai sa'a guda a raye ba. Yayin da ruwan ke bin bututun, bangon bututun yana tsotse abubuwan da jiki ke bukata yana mai da su cikin jini: dukkan sukarin, da mafi yawan gishirin, da kashi 99 cikin 100 na ruwan. Ke nan ƙoda kamar mai shara ce da ke fitar da kayan ɗaki gaba ɗaya zuwa tsakar gida, sannan ta zaɓi masu amfani ta mayar, ta bar tarkace a waje.

Mataki na uku shi ne ƙarawa. Bututun yakan ciro wasu abubuwa daga jini kai tsaye ya zuba cikin ruwan da ya rage, kamar tsamin da ya yi wa jini yawa da ragowar magunguna. Abin da ya saura bayan duk wannan, lita ɗaya zuwa biyu a rana, shi ne fitsari. Babban dattin da ke cikinsa shi ne yuriya, wadda hanta ke haɗawa daga ragowar furotin. Ita ce dai yuriyar da manomi ya sani a buhun takin zamani.

Ƙoda a Lokacin Bazara

A ƙasar Sakkwato, daga watan Maris zuwa Mayu, zafi yakan haura digiri 40. Mai noman rani da ya wuni cikin rana yana iya zubar da lita da dama na gumi. Idan ruwan jiki ya ragu, sai ƙwaƙwalwa ta gane, ta sa a saki wani sinadari cikin jini wanda ke umartar bututun ƙoda da ya ƙara tsotse ruwa. Shi ya sa fitsarin manomi ko mai azumi yakan zama kaɗan, ya yi ja, ya yi zarni. Amma wannan tsimi yana da iyaka, domin ƙoda tana bukatar wajen rabin lita a rana kafin ta iya fitar da datti. Yawan barin jiki cikin ƙishirwa yana jawo tsakuwar ƙoda. Haɗarin yakan ƙaru idan mutum ya haɗa ƙishirwa da ƙwayoyin kashe gajiya da ciwon jiki irin su Diclofenac da Ibuprofen, domin suna rage jinin da ke shiga ƙoda. Launin fitsari ma'auni ne da kowa ke da shi kyauta: idan ya yi haske, ruwan jiki ya wadata.

Abin da Bai Kamata a Gani a Fitsari Ba

Wanda ya fahimci matakan nan uku zai gane dalilin da ya sa likita ke neman fitsari. Idan kiyashi suna taruwa a inda mutum ya yi bawali, alama ce cewa sukarin jini ya fi ƙarfin abin da bututun zai iya maidowa, watau ciwon sukari. Idan fitsari yana yawan kumfa, ƙafafu da fuska suna kumbura, mai yiwuwa matatar ta yage, furotin yana zurarewa.

Jini kuwa ba shi da gurbi a fitsarin mai lafiya. A garuruwan da yara ke wanka da kamun kifi a tafki da fadama, mafi yawan abin da ke kawo shi ita ce tsargiya. Wata tsutsa ce da ke girma a jikin katantanwar ruwa, ta huda fatar mutum, ta je ta zauna a jijiyoyin da ke kewaye da mafitsara. Ƙwayayenta ne ke farfasa bangon mafitsara, sai jini ya biyo ƙarshen fitsari. Wani likita Bajamushe, Tiyodo Bilhaz, shi ya gano ta a Alƙahira a 1851. A wasu wurare akan ɗauki wannan jini a matsayin alamar balagar yaro, alhali kuwa cuta ce da idan ta daɗe takan toshe bututun da ke saukar da fitsari, fitsarin ya koma baya ya kumbura ƙoda har ta lalace. Maganinta, Praziquantel, ƙwaya ce mai sauƙin samu.

Kammalawa

Ƙoda gaɓa ce mai haƙuri. Guda ɗaya ma ta isa ta riƙe mutum, saboda haka takan yi asarar fiye da rabin ƙarfinta ba tare da mai ita ya ji komai ba. Hawan jini da ciwon sukari su ne kan gaba wajen kashe ta a ɓoye, kuma nefuron da ya mutu ba ya sake tsirowa. Idan ƙoda biyun suka gaza, sai wankin ƙoda da na'ura sau biyu ko uku a mako, ko kuma dashe. An fara cin nasarar dashen ƙoda a Boston ta Amurka a 1954, Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano kuma ya fara nasa a 2002. Duka hanyoyin biyu sun fi ƙarfin aljihun talaka, har ma da na ma'aikaci mai albashi. Awon jini da na fitsari sau ɗaya a shekara, da shan isasshen ruwa, da kai yaro mai tsargiya asibiti da wuri, su ne abubuwan da ɗalibi ko ma'aikaci zai iya koya wa mutanen garinsu tun ƙoda tana da sauran ƙarfi.