Ƙaramin Muline Mai Siririn Zare: Abin Da Muka Gani A Bakin Binuwai

Duk wanda yake ratsa gadar Binuwai a nan Garwa da yammacin Asabar ya ga yadda sha'awar fatsa ta shiga samarinmu. A da fatsa aikin yara ne, da sandar gora da zare da 'yar tana a gwangwani. Yanzu kuwa sai ka ga ma'aikaci ko ɗan kasuwa tsaye a kan yashi da sanda mai injin naɗe zare, wanda muke kira muline kamar yadda muka ji a bakin Faransawa. A 'yan watannin nan tsofaffin ɗalibanmu uku sun zo mana da tambaya iri ɗaya. Sun ga tallar wani ƙaramin muline a wayoyinsu, an ce yana jefa siririn zare nesa ba wahala, suna so su ji ko ya cancanci kuɗinsa. Ɗayansu ɗan koyon ɗinki ne, kuma kuɗin da yake tarawa don sayen keken kansa yake shirin taɓawa. Wannan ya sa muka ƙi ba su amsa da ka. Wani abokinmu da ke aiki a Duwala ya ba mu aron irinsa, muka yi hutun Disamba muna gwada shi, tun da an ce gani ya kori ji.

Wane iri ne?

Muline iri biyu ne. Akwai wanda aka fi sani a nan, mai rataya a ƙarƙashin sanda. Ƙwarƙwaronsa, wato abin da zare ke naɗe a jiki, ba ya juyawa in an yi jifa, zaren ne ke warwarewa da kansa. Na biyu shi ne wanda muke magana a kai. Yana zaune ne a saman sanda, kuma in an yi jifa ƙwarƙwaron kansa ne ke juyawa yana sakin zare, mai fatsa yana tsare shi da babban yatsa.

Wannan iri na biyu ba sabon abu ba ne. Tun farkon ƙarni na 19 wani mai gyaran agogo, George Snyder, ya riƙa ƙera shi da hannu a jihar Kentaki ta Amurka. A 1952 kamfanin ABU na ƙasar Suwidin, wanda shi ma da agogo ya fara, ya fito da samfurin Ambassadeur, ya bazu a duniya. A 1978 Shimano na Japan, wanda masu kekuna suka san shi da giya, ya fito da ƙarami mai suna Bantam. Amma duk waɗannan an yi su ne don zare mai kauri da abin jifa mai nauyi, giram 10 zuwa sama. Daga baya ne maƙeran Japan suka rage nauyin ƙwarƙwaron, suka rage zurfinsa, har ya zama ɗan cokali ko kifin roba mai giram 3 zuwa 7 yana iya jan sa. Dalili kuwa a fili yake ga duk ɗan makaranta: abu mai nauyi yana da wuyar tayarwa, in ya tashi kuma yana da wuyar tsayarwa.

Wanda aka ara mana bai kai giram 200 ba, yana ɓacewa a tafin hannu. In an juya hannunsa sau ɗaya, ƙwarƙwaron ya zagaya sau bakwai, ya naɗo zare kimanin santimita 70. Mun sa masa zaren nailan mai kaurin milimita 0.20, wanda ke tsinkewa a wajen kilo 3. Bai ɗauki fiye da mita 50 ba sai ya cika.

Ranar farko a filin ƙwallo

Ba mu fara da kogi ba, filin ƙwallon makaranta muka nufa, muka ɗaura 'yar darma mai giram 5 ba ƙugiya. Jifan farko darmar ta faɗi gabanmu kaɗan, zaren kuwa ya cukurkuɗe a kan ƙwarƙwaro kamar kitson da aka kwance aka kwana ba a taje ba. Faransawa ma gashin kanti suke kiran wannan matsala. Mun yi kusan rabin sa'a muna tsefewa da allura, yaran unguwa na gefe suna ƙunshe dariya, yau ga Malam ya faɗi jarrabawa.

Ga abin da ke jawo haka. Abin da aka jefa yana rage gudu a iska, ƙwarƙwaron kuwa bai san an rage ba, yana ci gaba da sakin zaren da babu mai jan sa, sai zaren ya taru ya harɗe. Don maganin wannan aka yi masa birki biyu. Na farko ɗan murfi ne da ake murɗawa a gefen hannu, yana matse sandar ƙwarƙwaro. Na biyu birkin maganaɗisu ne, mai lambobi a ɗaya gefen. Maganaɗisun ba ya taɓa ƙwarƙwaron, ba ya ma kama alminiyam ɗin da aka yi shi da shi, amma in alminiyam na gudu kusa da maganaɗisu sai wata 'yar wutar lantarki ta taso a cikinsa, ta riƙa ja da baya. Gwargwadon gudu, gwargwadon riƙo.

Shawararmu ga mai koyo ita ce ya murɗa murfin har in ya saki zare darma ta sauka ƙasa a hankali, ƙwarƙwaron ya tsaya da zarar ta taɓa ƙasa. Ya sa birkin maganaɗisu kusa da ƙarshe, ya riƙa ragewa kaɗan kaɗan. Sa'an nan ya dafe zaren da babban yatsa kafin abin jifa ya taɓa ruwa. Mu sai a rana ta huɗu muka iya jifa goma a jere ba harɗewa.

A bakin ruwa

Da hannu ya faɗa, sai muka ga amfaninsa. Da ɗan cokali mai giram 5 muna kai kimanin mita 25, mun auna da igiyar awon filin wasanni. Mai rataya a ƙasa yana wuce nan, amma a wajen saiti ƙaramin ya fi shi nesa ba kusa ba. Da yake yatsa na kan zare, kana iya sauke cokalin a gindin ciyawa ko ƙarƙashin reshe a hankali, ba fantsama. Kawara da manyan karfasa da ke laɓe a irin wuraren nan mun same su da shi. Zaren kuma ba ya murɗewa kamar na ɗaya irin, kuma hannu ba ya gajiya ko an wuni.

Sai dai mun ga aibobi huɗu. Na farko iska. In hunturu na kaɗawa ta gabanka, ƙaramin cokali tsayawa yake yi a sama, zare ya harɗe, sai ka ƙara birki, nisa kuma ya ragu. Na biyu, duk abin da bai kai giram 3 ba jifansa wahala ne, haka ita ma tana, fizgar jifa na yage ta daga ƙugiya. Na uku ƙura da yashi. Ƙwarƙwaron yana gudu ne a kan ƙananan boris, ƙwayar yashi ɗaya ta isa ta sa su kuka. Dole a wanke, a ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya, ban da giris, domin giris na daƙile gudunsu. In kuma suka mutu, mun zaga kasuwa ba mu ga irinsu ba.

Na huɗu shi ne babba, kuma a tafkin Lagdo muka gan shi. Tun da aka gama madatsar a 1982 tafkin ya zama gidan giwan ruwa, kifin da kan wuce kilo 100. A jikin muline akwai wani ɗan tauraro da ake murɗawa don zare ya riƙa zamewa in kifi ya ja da ƙarfi. Ƙa'ida ita ce a daidaita shi a kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin zaren. Ga mai kilo 3 ke nan kilo 1, kuma ana iya aunawa da gorar ruwa mai lita ɗaya: a ɗaura ta, a ɗaga, zaren ya fara zamewa daidai lokacin da ta bar ƙasa. Mun yi haka. Amma da wani abu ya kama cokalinmu ya nufi tsakiyar tafki, kafin mu ƙirga ashirin mita 50 ɗin sun ƙare, zaren ya tsinke a gindi. Dattijon da ya tuƙa mu a kwalekwalensa, wanda ya tsufa a su, ya dube mu ya ce, "Malam, da zaren ɗinki ka zo wa giwa?" Muka ce, "Baba, gwaji muke yi." Ya ce, "To, ita ma ta gwada ka."

Mun yi dariya, amma abin bai yi mana daɗi ba. Kifin ya tafi da ƙugiya a baki, yana jan nailan mita 50 da zai daɗe a ruwa bai ruɓe ba, ya kama ƙafar tsuntsu ko ya sarƙe kayan masunta. Tsage ma, mai haƙora kamar ƙusa, yanke siririn zare yake yi nan take in ba a sa 'yar waya a gaban ƙugiya ba.

Hukuncinmu

Wannan muline abin kirki ne a inda aka yi shi don ya yi aiki: ƙaramin kifi, ruwa mai garau, wuri mai ciyayi da rassa, da mutum mai haƙurin koyo. Wanda ya riga ya iya fatsa, yana da ɗaya irin a gida, kuma kuɗin ba za su taɓa cefane ba, ya saya, zai ji daɗinsa. Amma ya tuna sai da tasa sandar, mai laushin kai da ɗan maƙalin yatsa, don ba ya zama a kan ta mai rataya. Ya kuma riƙa sauya zare, domin ranar Garwa na cinye nailan. Kafin ya biya ya duba abu biyu: ya kaɗa ƙwarƙwaron da yatsa ya ji ko yana gudu shiru, ya kuma duba tsakaninsa da jikin injin, in akwai ratar da siririn zare zai iya shiga, ya ajiye.

Mai koyo kuwa ya fara da mai rataya a ƙasa. Ya fi araha, yana jefa tana da darma, kuma a yini ɗaya ake iya shi. Masunci mai ciyar da iyali da su, shi ba ma sai mun ce masa komai ba, mamari da birgi sun fi masa wannan sau dubu.

Ɗalibinmu mai koyon ɗinki mun kai shi filin ƙwallo, mun miƙa masa sandar. Ya yi jifa uku, ya tsefe zare sau uku. Da ya gaji muka ce masa, "Ɗana, ƙwarƙwaron keke ne zai ciyar da kai. Sayi kekenka tukuna, kogi ba inda za shi." Mun ji labarin ya kai kuɗin ajiya wurin mai gidansa, saura kaɗan su cika.

Duk mai wata tambaya a kan kayan fatsa ya aiko ta ofishin wannan jarida. Sai mun sadu a fitowar wata mai zuwa.