Tattaki da ninƙaya domin tara tallafi: Yadda masu lalurar kwatangwalo ke jure doguwar tafiya

A Birtaniya al'ada ce mutum ya ɗora wa kansa wani aiki mai wuya, jama'a kuma su ba da gudummawar kuɗi ga wata gidauniya saboda shi. Wasu kan taka da ƙafa daga Land's End zuwa John o' Groats, kimanin kilomita 1,400. Wasu kuma kan ƙetare mashigin tekun da ya raba Ingila da Faransa da ninƙaya, kamar yadda Matthew Webb ya fara yi a 1875.

Daga cikin masu shiga irin wannan tattaki da ninƙaya har da masu lalurar rashin daidaituwar mahaɗar kwatangwalo, waɗanda kan tara wa ƙungiyoyi irin su Steps, da ke tallafa wa masu matsalolin ƙafa da kwatangwalo.

Lalurar na faruwa ne idan gurbin da kan ƙashin cinya ke zama a ciki bai yi zurfin da ya kamata ba. Sai nauyin jiki ya taru a ɗan ƙaramin wuri, guringuntsi ya riƙa cinyewa da wuri, abin da kan jawo ciwon matsematsi, ɗingishi da amosanin gaɓɓai tun mutum yana da sauran ƙuruciya. Ta fi samun 'ya'ya mata, 'ya'yan fari da jariran da suka zo ta ƙafa.

A nan ne tafiya da ninƙaya suka bambanta. A kowane taku, mahaɗar na ɗaukar nauyin da ya haura ninki biyu na nauyin jiki, don haka mai lalurar kan rarraba tafiyarsa zango-zango, ya riƙe sandunan tafiya, ya rage kayan da yake goye da su. Ruwa kuwa ɗauke nauyin yake yi: wanda ya shiga har wuya, kusan kashi 10 cikin 100 na nauyinsa ne kaɗai ke kan gaɓoɓinsa. Duk da haka ba kowane salon iyo ne ke da sauƙi ba, domin salon da ake ware ƙafafu kamar kwaɗo kan tayar wa wasu da ciwo. Shi ya sa ganin likita kafin fara atisaye ya zama dole.

Babban saƙon masu wannan fafutuka shi ne a gano lalurar da wuri. Jaririn da bai kai wata shida ba akan yi masa magani da wata ɗamara mai suna Pavlik, wadda ke riƙe cinyoyi a buɗe. Idan aka makara, lamarin kan kai ga tiyatar gyara ƙashi ko sauya mahaɗar baki ɗaya.

Likitocin ƙashi na gargaɗi a kan naɗe jariri tamau da ƙafafu a miƙe, yayin da suke ganin goyo a baya, irin wanda iyaye mata ke yi a Najeriya, yana ajiye cinyoyin jariri a yanayin da ke taimaka wa gurbin ya yi zurfi.