Shin "vampire" maye ne?

Jiya a teburin mai shayi a Gyadi-Gyadi na tarar da samari suna musu kan wani fim ɗin fassara, inda mai fassarar ya kira vampire da "maye". Wani ya ce daidai ne, wani ya ce sam. Ni dai ina bayan na biyun.

Kalmar ba ta Ingilishi ba ce tun asali, daga harshen Sabiya ta fito, can suna cewa vampir. Tsakanin 1725 da 1732 jami'an daular Ostiriya sun aika rahotanni cewa ƙauyawan Sabiya suna tone kabari su soke gawa da tsinin itace, wai mamacin ne ke tashi cikin dare yana shan jinin mutane. Daga nan ta shiga Jamusanci da Faransanci, ta isa Ingilishi a 1732. Littafin Dracula na 1897 ya ƙara yaɗa ta.

To ka lura, vampire gawa ce. Maye kuwa, a camfin Bahaushe, rayayye ne, kuna cin kasuwa ɗaya da shi. Kuma ba jini yake sha ba, kurwa yake kamawa, shi ya sa za ka ji ana cewa "kurwata kur!" Namiji maye, mace mayya, jam'i mayu, aikin kuma maita. Kada ka haɗa shi da mayen da ke cikin "kayan maye" ko "maye gurbi", rubutu ne ɗaya amma furuci daban. Mun ma ara kalmar mun ba wanda ya nace wa abu, kamar mayen ƙwallo, har da mayen ƙarfe.

Fatalwa fa? Ta mutu kam, amma ba ruwanta da jini. "Ɗan shan jini" kuma matsafi ne mai neman duniya, da ransa. Don haka in ni ne mai fassarar, "gawa mai shan jini" zan ce.

Abin da ya sa na damu: ka kira mutum vampire a kasuwar Tarauni, dariya za a yi. Amma ka nuna tsohuwa ka ce mayya, yara na iya bin ta da jifa, 'ya'yanta mata su rasa manema.

Ku a garinku, wace kalma kuke amfani da ita?