Gwajin kai na manhajar direba: abin da yake kamawa da abin da yake kuɓuce masa

A safiyar Juma'a 19 ga watan Yulin 2024, miliyoyin kwamfutoci a sassan duniya suka tsaya cik, ba abin da suke nunawa sai shuɗin allo. Bankuna da asibitoci da filayen jiragen sama suka shiga ruɗani, har kamfanin jirage na Delta da ke Amurka ya soke tashi kimanin 7,000 cikin kwanaki biyar. Kamfanin Microsoft ya ƙiyasta cewa na'urori miliyan 8.5 masu amfani da Windows ne abin ya shafa. Ba harin 'yan kutse ba ne. Wani ɗan ƙaramin sabuntawa ne daga kamfanin tsaro na CrowdStrike ya rikita manhajarsa da ke aiki a can cikin zuciyar Windows. Abin lura shi ne, wannan sabuntawa ya tsallake tantancewar kamfanin kafin a sake shi.

Kowace babbar manhaja, Windows ce ko Linux ko Android, tana da zuciya wadda masana ke kira kanel. Ita ce ke raba wa sauran manhajoji wurin ajiya da lokacin aiki. Amma kanel ba ta jin yaren kowace na'ura da aka haɗa mata, don haka take dogara da ƙananan manhajoji da ake kira direbobi. Direba tamkar tafinta ne tsakanin kanel da kyamara, ko allo, ko na'urar buga takardu. Da yake yana zaune ne a cikin zuciyar da cikakken iko, kuskurensa ba irin na sauran ba ne. Idan manhajar hira ta rikice, rufe ta ake yi a sake buɗewa. Idan direba ya rikice, yana iya faɗuwa da na'urar baki ɗaya.

Wannan ne ya sa masu rubuta direbobi suke haɗa su da gwajin kai, wato jerin tambayoyin da aka riga aka san amsarsu, waɗanda ake yi wa manhajar duk lokacin da aka taɓa ta. Misalinsa kamar ɗan kasuwa ne da ke ɗora dutsen awo na kilo ɗaya a kan sikelinsa kafin ya fara ciniki. Idan allura ta nuna kilo ɗaya, ya ci gaba. Idan ta kauce, ya san akwai gyara tun kafin a cuci mai saye.

Linux, wadda Linus Torvalds ya fara a 1991 kuma wadda wayoyin Android ke tafiya a kanta, misali ce mai kyau, domin aikinta a fili yake. Direbobi ne kaso mafi girma na rubutunta, dubban mutane ke sa hannu a ciki, kuma ana fitar da sabon zubi kusan duk bayan mako tara ko goma. Tana da tsarin gwaji mai suna kselftest, da ke gwada kanel yayin da take aiki, da kuma KUnit, wanda ya shigo a zubi na 5.5 a farkon 2020, mai gwada ƙananan sassa ɗaya bayan ɗaya cikin ɗan lokaci. Direban hoto na Intel mai suna i915 yana da nasa gwaje-gwajen iri biyu: waɗanda ake yi a kan na'urar kwaikwayo, da waɗanda sai a kan ta gaske. Babban amfanin duk wannan shi ne kama koma-baya, wato gyaran yau ya ɓata abin da yake aiki jiya.

Sai dai gwajin kai yana da iyaka. Ta farko, yana amsa tambayar da aka yi masa ne kawai. Bayanin da CrowdStrike ya fitar bayan aukuwar lamarin ya nuna haka ƙarara. An tsara wani sashe na manhajar ya karanta bayanai 21, alhali 20 kaɗai ake miƙa masa. A gwaje-gwajen da aka yi tun farko, an sa wa gurbi na 21 alamar da ke karɓar kowane abu, saboda haka manhajar ba ta taɓa neman karanta shi ba. Ranar da sabuntawa ya buƙaci a duba gurbin da gaske, sai ta miƙa hannu wurin da ba nata ba a cikin ma'ajiyar kwamfuta, Windows ta faɗi. An janye sabuntawar bayan minti 78, amma aikin gama ya gama, kuma an gyara na'urori da dama da hannu, ɗaya bayan ɗaya.

Iyaka ta biyu ita ce na'urar kwaikwayo ba ta gaske ba ce. Ana gina ta bisa yadda takardar masu ƙira ta ce na'ura za ta yi, alhali ta gaske tana iya jinkiri, ko ta yi zafi, ko ta ba da amsar da ba a rubuta ba. Ta uku, akwai kurakuran da ba sa fitowa sai ayyuka biyu sun nemi abu ɗaya a lokaci guda, kuma ana iya maimaita gwaji sau da yawa ba a ci karo da su ba. Ta huɗu, galibi wanda ya rubuta direba shi ke rubuta gwajinsa, abin da ya manta a can kuwa, zai manta shi a nan. Tun fiye da shekaru hamsin da suka wuce masanin kwamfuta ɗan ƙasar Holan, Edsger Dijkstra, ya yi gargaɗin cewa gwaji na iya nuna akwai kuskure, amma ba zai tabbatar da babu shi ba.

Saboda haka ake ƙara wasu matakan. Google na da manhaja mai suna syzkaller da ke watsa wa Linux umarni barkatai dare da rana, domin tono abin da bai zo wa kowa a rai ba. Shirin KernelCI yana gwada sababbin zubi a kan na'urori na gaske iri-iri. Shi ma CrowdStrike ya koma sakin irin wannan sabuntawa kashi-kashi, tare da bai wa abokan cinikinsa ikon zaɓar lokacin karɓa.

Ga ma'aikaci mai kula da kwamfutocin ofis, ko ɗan kasuwar da cinikinsa ya rataya a kan waya da na'urar cirar kuɗi, darasin a fili yake. Sabuntawa na toshe kafofin tsaro, ƙin karɓarsa haɗari ne. Amma kalmar "an gwada" ba ta nufin an gama. Inda na'urori suke da yawa, a fara da kaɗan a ga yadda suka kwana, a ajiye kwafin muhimman bayanai a wani wuri daban, a kuma tanadi hanyar ci gaba da aiki a ranar da allo ya ƙi tashi.