Wuƙar aljihu da gishiri: wacce za ka saya ba ka yi asara ba?

Duk ɗan kasuwar da ke bin hanyar Tamale zuwa bakin teku ya san abu uku ba sa barin aljihu: waya, kuɗin hanya, da 'yar wuƙa mai naɗewa. Da ita ake yanke igiyar lodi, a farke bakin buhu, a fere mangwaro, a tsaga kifi a duba cikinsa kafin a sallama kuɗi. Sai dai wuƙar da ta yi shekaru lafiya lau a nan arewa, tafiya biyu zuwa Tema ko Elmina ta isa ta mai da ita ja wur, gaɓarta ta ƙage, sai an sa filaya kafin ta buɗe.

Ni sana'ata busasshen kifi da gishiri ce, tsakanin kasuwar Aboabo da kudu, kuma yaran da ke koyon fatauci a hannuna sun sha tambayata wacce wuƙa ce ba ta tsatsa. Amsar da nake ba su ita zan ba ku: a cikin masu sauƙin kuɗi babu wadda gishiri ba ya ci. Akwai dai wadda ke jurewa idan ka iya zaɓe, ka kuma iya riƙo.

Me ya sa kudu ke cin wuƙa?

A Tamale damina ɗaya gare mu, daga nan sai rani da hunturu, iska ta bushe ƙayau. Ƙarfe yana jin daɗin irin wannan yanayi. Ruwan da muke tsallakewa a Yapei da Buipe, da na tafkin Bolta inda ake ɗauko kifin Yeji, duk ruwan daɗi ne. Da ka sauka bakin teku labari ya canza. Kowace lita ta ruwan teku tana ɗauke da gishiri kimanin giram 35, iskar ma da danshi da gishiri take tafe. Kuma ba sai ka je teku ba. Mai sayar da gishirin Ada, da mai taɓa kifin gishiri irin su kobi da momoni, ko yana zaune a rumfarsa a Aboabo, wuƙarsa a cikin gishiri take wuni. Hatta gumin jiki da ke jiƙa aljihu akwai gishiri a cikinsa.

Ƙarfen da ake ce ba ya tsatsa, tun 1913 wani Bature mai suna Harry Brearley ya haɗa shi a garin Shafil na Ingila. Sirrinsa wani sinadari ne da ake kira kuromiyam. Idan ya kai aƙalla kashi 10.5 cikin 100 na ƙarfen, sai ya haɗu da iska ya yi wata siririyar fata da ido ba ya gani, ta rufe ƙarfen. Gishiri kuwa huda wannan fata yake yi, ya bar ƙananan ramuka kamar tabon ƙyanda. Inda iska ke shiga, fatar tana sake rufewa da kanta. Inda ba ta shiga, kamar cikin gaɓar da wuƙa ke naɗewa, nan gishiri ke kwana yana ci. Shi ya sa za ka ga ruwan wuƙa yana ƙyalli amma gaɓa ta mutu.

Karanta abin da aka rubuta a jikinta

Kafin ka tambayi kuɗi, buɗe wuƙar ka duba gindin ruwanta. Idan ka ga Stainless, ko Inox, ko Rostfrei, duk ma'anarsu ɗaya da Turanci da Faransanci da Jamusanci. Wadda ta fi wannan ita ce wadda aka buga wa lambar ƙarfe, don lambar tana gaya maka abin da ka saya.

3Cr13 shi ne na arha. Yana jure tsatsa daidai gwargwado, amma laushi gare shi, yanzu ka wasa yanzu ya dakushe. 8Cr13MoV, wanda ke kan yawancin wuƙaƙen Sin masu matsakaicin kuɗi, yana da kuromiyam kusan kashi 13, yana riƙe kaifi, amma yana son a riƙa goge shi. 420HC da 440A da 12C27 da 14C28N su nake nema wa mai aiki da gishiri: suna jure danshi, kuma dutsen wasa wuƙa na gida ya ishe su. D2 kuwa a yi hattara da shi. Masu talla suna kambama shi don kaifinsa yana daɗewa, gaskiya ne, amma a bakin teku ba ya jimawa yake fara tabo.

Akwai ƙarafa da aka yi don ruwan teku takanas, irin su H1 da LC200N da kamfanin Spyderco ke amfani da su. Suna da kyau, sai dai kuɗin guda ya sayi wuƙaƙen talaka da yawa. Ɗan kasuwar da wuƙarsa ke iya faɗawa cikin kwandon kifi ta bi mota, ba shi da buƙatar wannan.

Wani abu kuma: kada ka gwada wuƙa da maganaɗisu yadda ake gwada tukunya. Ƙarfen wuƙa, ko mai kyau ne, maganaɗisu yana kama shi. Kamawar ba ta nuna jabu ce.

Sunaye da kwaikwayonsu

Manya sun san Okapi, mai ƙotar katako da zobe a baya. Tun 1902 aka fara ƙera ta a Jamus don kasuwar Afirka, a 1988 aikin ya koma Afirka ta Kudu. Wadda aka saba gani ta baƙin ƙarfe ce: kaifi kamar aska, wasawa ba wahala, amma da ta sha gishiri sai tsatsa, kuma idan ka yanka albasa da ita za ka ga baƙi-baƙi a jikin albasar. Ga mai doya ko mai hatsi da ba ya barin arewa, ta ishe shi har ya gaji. Ga mai kifin gishiri, ban ba da shawara ba.

Opinel ta Faransa, wadda aka fara tun 1890, iri biyu ce: mai rubutun Carbone da mai rubutun Inox. Ta biyun ce taka. Matsalarta ƙotar katako, wadda ke kumbura idan ta jiƙe har ruwan wuƙar ya ƙi fitowa. Victorinox ta Suwizalan tana jure tsatsa sosai, amma kayan cikinta da yawa ne, kowane lungu kuma ma'ajiyar gishiri ne. Idan za ka saye ta, nemi mai baki ɗaya ko biyu.

Duk sunan da ya yi fice, jabunsa ya fi na gaske yawa a faifan masu talla. Na taɓa ganin wata a tasha an buga mata suna babba, kuɗinta bai kai na kwanon wake da shinkafa biyu ba. Wanda ya saya ya san abin da ya saya. Ai kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Gara wuƙa marar suna mai aiki tsaf da mai sunan aro.

Gwaji kafin biya

Buɗe ta gaba ɗaya, ka riƙe ƙota, ka girgiza ruwan hagu da dama. Idan yana rawa, ajiye ta. Danna bayan ruwan a jikin katako, yatsunka nesa da hanyar da zai rufe. Idan makullin ya saki, wannan wuƙa wata rana a kan yatsanka za ta rufe, kuma ɗan kasuwa mai ɗauraren hannu ba ya ɗaga buhu. Zaɓi ƙotar roba mai kaushi, don ta katako tana shan ruwa, ta ƙarfe mai santsi kuma tana sulluɓewa a hannun da ya taɓa kifi. Wadda bayanta ke buɗe, ruwa na ratsawa ya fita, ta fi wankuwa. Wadda aka ɗaure da sukuru ta fi ta ƙusa, don za ka iya kwance ta ka share. Tsawon ruwa santimita 7 zuwa 9 ya isa duk aikin kasuwa.

Babba ko mai fita da danna maɓalli, rabu da ita. Dokar laifuka ta Gana ta 1960 ta hana yawo da makami a bainar jama'a ba da izini ba, kuma shingayen hanya daga nan zuwa Ankara ba kaɗan ba ne. 'Yar ƙaramar wuƙar aiki a cikin jakar kayan aiki ta fi sauƙin bayani. Idan jirgi za ka hau, sa ta a akwatin da za a auna, ba a jakar hannu ba.

Riƙo shi ne rabin kuɗin

Duk ranar da wuƙa ta taɓa gishiri, kafin ka kwanta ka ɗauraye ta da ruwan daɗi. Ledar fiyawota guda ta isa. Buɗe ka rufe a cikin ruwan sau da yawa don gaɓa ta wanku, ka yarfe, ka goge, ka bar ta a buɗe ta sha iska. Ɗiga man keken ɗinki ɗigo ɗaya a gaɓa. Ruwan wuƙar kuwa, tunda abinci yake taɓawa, shafa masa man kaɗanya kaɗan, abin da Allah ya hore mana a Tamale. Man gyaɗa yana yin danƙo idan ya daɗe. Kada ka adana ta a kuben fata mai danshi. Idan tabo ya fara, toka da ɗan tsumma sun isa su fitar da shi tun bai yi rami ba.

Iyayenmu mata, wannan magana har da ku. Idan maigida ya dawo daga kudu aka zo wankin kaya, a laluba aljihu tukuna, a ajiye wuƙar inda hannun yara ba ya kaiwa. Yaro yana iya buɗe wuƙa mai naɗewa, rufe ta ne bai iya ba.

To, ɗan'uwa, idan ka shiga kasuwa gobe, nemi mai lambar ƙarfe a jiki, mai makulli mai ƙarfi, mai ƙotar roba, ka biya kuɗi na tsaka-tsaki ba tare da jin ciwo ba. Sauran aikin na ruwan daɗi ne da ɗigon mai. Allah ya ba da kasuwa, ya kai mu ya dawo da mu lafiya.