Malanville: Yadda Bakanikai Ke Tayar Da Kafireton Tsofaffin Taraktoci

Daga Wakilinmu a Malanville

Hausawa na cewa da tsohuwar zuma ake magani. Duk wanda ya san garin Malanville, wanda ke bakin Kogin Kwara daura da Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ya san cewa shinkafa da albasa su ne ƙarfin manoman yankin, kuma da yawa daga cikinsu da tsofaffin injuna suke noma. Sai dai kuma ɗan abin da bai kai ƙwayar gero ba yana iya tsayar da tarakta ana tsakiyar huɗa, musamman idan matsalar daga kafireto ta taso.

Da farko ya kamata mai karatu ya sani cewa ba kowace tarakta ke da kafireto ba. Masu shan man gas, irin su yawancin Massey Ferguson 135 da aka ƙera daga 1964 zuwa 1975, famfon mai da nozul gare su. Kafireto na masu shan fetur ne ko kananzir, kamar Ferguson TE20 wadda aka ƙera fiye da 500,000 a birnin Kobantiri na Ingila tsakanin 1946 da 1956. Irin waɗannan sun yi ƙaranci yanzu, amma ƙananan injunan ban ruwa samfurin Honda da takwarorinsu na Sin, waɗanda suka cika fadamu, duk da kafireto suke aiki, kuma ciwonsu ɗaya ne.

Aikin kafireto shi ne gauraya iska da fetur, kusan kashi 15 na iska da kashi 1 na mai idan aka auna da nauyi. A cikinsa akwai ɗan tulu na tagulla ko roba da ke yawo a saman mai, da allurar da ke rufe hanya idan mai ya cika, sannan da jet, wato ɗan ƙarfe mai ƙaramin rami wanda ke auna man da zai shiga inji. Babban abokin gabarsu shi ne datti da ruwa, domin haka fetur ɗin kwalba da ake kira kpayo, wanda ake shigowa da shi daga Nijeriya, yana bukatar tacewa kafin a zuba shi a tanki.

Samun kayan gyara shi ne babban aiki. Masu neman na tsohon yayi sukan aika Kwatano, ko kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano, ko Ladipo a Legas. Har yanzu ana ƙera taraktocin Massey Ferguson a kamfanin TAFE na Indiya da Millat na Pakistan, saboda haka kayan masu man gas sun fi saukin samu. Bugu da ƙari, rufe gadar da ta haɗa Malanville da Gaya bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 ya ƙara wa masu kai da kawo wahala da tsada.

Wannan ne ya sa bakanikai ke haɗa wasu kayan da hannunsu. Gaskit dai ana ɗora takardarsa a bakin kafireto, a riƙa bubbuga gefen da ƙaramar guduma har siffar ta fito. Ɗan tulun tagulla da ya huje kuwa, ana tsoma shi a ruwan zafi, inda kumfa ta fito nan ramin yake. Sai a zubar da man da ya shiga, a bari ya bushe sarai, sannan a liƙe da dalma 'yar kaɗan, domin idan ya yi nauyi zai nutse mai ya riƙa ambaliya. Sandar maƙura da ta cinye kuma, mai injin sassaƙa ƙarfe yana iya yi mata sabon zobe na tagulla.

Inda ake yin ɓarna shi ne wajen jet. Wasu sukan zura masa wayar ƙarfe ko allurar ɗinki don su buɗe shi, alhali da ramin ya ƙara faɗi, inji zai riƙa shan mai fiye da kima, ya yi baƙin hayaƙi, fulogi ya yi kunkunniya, man da ya yi yawa kuma ya wanke baƙin man da ke kare silinda. Abin da ya dace shi ne a jiƙa shi, a hura masa iska. Idan ya lalace, sai a nemi wani mai lamba iri ɗaya, ko daga matacciyar tarakta ne. Shi ya sa sayar wa 'yan gwangwan tsohon kafireto a kan kilo asara ce babba.

Saboda haka muna kira ga ƙungiyoyin manoman Malanville da Karimama da su riƙa rubuta lambar kafireton kowane inji, su tanadi jet da allura tun kafin damina ta faɗi, su kuma tara matattun injuna wuri guda maimakon a narkar da su. Tsofaffin bakanikai su ma su daure su koya wa yaransu wannan sana'a. Allah ya ba mu damina mai albarka, amin.