Gona da Kasuwa a Matsayin Kayan Koyarwa: Makarantun Firamare a Karkarar Arewacin Kano

Gabatarwa

Ƙasar da ta tashi daga Ungogo da Minjibir ta nufi Bichi da Ɗambatta tana cikin wuraren da jama'a suka fi cunkoso a karkarar Afirka ta Yamma. Gona na jikin gona, ba a barin saura ta huta, sai dai a ciyar da ita da taki kowace shekara. Masanin labarin ƙasa Michael Mortimore ya yi nazarin wannan yanki tun shekarun 1960. Da aka buɗe shirin UPE a 1976, yara suka cika azuzuwa fiye da yadda littattafai da kujeru za su ishe su. Har yanzu kukan malamin ƙauye ke nan: rashin kayan aiki. Kukan gaskiya ne, amma akwai kayan da ke bakin ƙofar aji waɗanda ba a saye da kuɗi.

Lissafi da Kara

Yaron da ke haddace jadawali da baki ɗaya tare da 'yan'uwansa sittin yana iya yin shekara bai gane abin da ake nufi da "aro" ba. Amma in aka yanka karan dawa guntu-guntu, aka ɗaure goma-goma da kaba, sai al'amarin ya fito fili. Alal misali, a ce a ɗebe 17 daga 43. Yaro yana da ɗauri huɗu da kara uku. Bakwai ba ta fita daga uku, tilas ya kwance ɗauri guda, kara ya zama goma sha uku. Da hannunsa ya yi aron, saboda haka ba ya mantawa. Haka kuma mudu da tiya da yarinya ta saba gani ran kasuwa, su ne ƙofar koyon awo da rabi da kwata. 'Yar tallar da ba a taɓa cuta a canji ba, ba za a ce ba ta da kan lissafi ba. Hanyar da aka biyo mata ce ba ta sani ba.

Kimiyya a Gona

Darasi mai kama zuciya da tambaya yake farawa. Me ya sa gawo yake zubar da ganye da damina, ya yi kore da rani, saɓanin sauran itatuwa? Me ya sa gero ya fi kyau a ƙarƙashinsa? Yara su je su duba, su tambayi iyayensu, su komo da amsa: ganyen ya zama taki, rana kuma tana samun shuka. Sa'an nan a tuge wake ko gyaɗa, a nuna musu 'yan ƙulle-ƙullen da ke jikin saiwa, inda ƙwayoyin halitta suke jawo sinadarin naitirojin daga iska su ƙara wa ƙasa ƙarfi. A nan yaro zai fahimci hikimar kakanninsa ta haɗa gero da wake a gona guda. Uban da aka tambaya kuwa, ya ga makaranta ta girmama saninsa, ba zai yi saurin janye ɗansa ran noman fari ba.

Darasi daga Makarantar Allo

Makarantar allo ta daɗe da sanin yadda ake sarrafa taro. Kowane almajiri da allonsa, kowa yana tafiya gwargwadon ƙarfinsa, babba yana biya wa ƙarami, malam kuma ba ya ƙara wa kowa sai ya ji na baya ya zauna. Malamin firamare yana iya kasa ajinsa ƙungiya-ƙungiya a ƙarƙashin inuwa, ya ɗora wa kowace mai biyawa, shi kuwa ya riƙa zagayawa yana sauraro. Inda takarda ta yi wuya, rairayi da ɗan yatsa sun isa koyon baƙi da wasali.

Harshe

Duk waɗannan dabaru da harshen da yaro ke ji suke aiki. Gwajin da Farfesa Babs Fafunwa ya fara a Ife a 1970 ya nuna yaran da aka koyar da Yarbanci shekara shida ba su kasa takwarorinsu ba, har a Turanci. Manufar Ilmi ta Ƙasa ta 1977 ita ma ta ce a fara da harshen gida ko na yankin. Tatsuniya da kacici-kacici suna buɗe bakin yaro mai kunya, littattafai irin su Magana Jari Ce na Abubakar Imam da Ka Koyi Karatu kuma suna kai shi ga son karatu.

Kammalawa

Kara da mudu ba su ɗauke wa hukuma nauyin rufin aji da littattafai da albashi kan kari ba. Abin da ake bukata daga kwalejojin horon malamai da sufetocin makarantu shi ne su auna malami da abin da yara suka iya yi da hannunsu, su kuma bayyana da bakinsu, gama shi ne ilmin da ke bin yaro har gida.